Kwarin da Babana Ya Ƙi Haƙa

Makon jiya aka cike rijiyar babana. Wata ƴar akuya ce ta faɗa ciki, mutanen ƙauye suka ce yau akuya gobe ɗan mutum, gara a rufe ta tunda an yi shekara da shekaru ba mai jan ruwa a cikinta. Jikana ne ya zo nan Dakoro ranar kasuwa ya ba ni labarin, yana faɗa yana latsa wayarsa, kai ka ce darni aka gyara. Ya ce ƙasa cikin kamiyo biyar, manyan motocin nan, ta haɗiye ba ta ko nuna ba, sai da aka yi ta ƙarawa. Na ce mashi ai dole, gaba talatin da wani abu ce, kuma hannun mutum ya haƙa ta. Ban yi kuka ba, na wuce shekarun kuka. Gajiya ce dai ta sauko mani, irin wadda kwanciya ba ta maganinta, kuma tun ranar ko gyangyaɗin azahar ya ƙi zuwa.

Ƙauyenmu yana arewa da nan, inda gonakin hatsi ke ƙarewa daji ya karɓa. Abin da ke tashinmu da safe ba zakara ba ne, kukan icen rijiya ne, wanda igiya ke gudana a kansa. Yana da wata ƙara siririya mai shiga haƙori, in ka ji ta ka san an ɗaura wa takarkari igiya, kuma kai ka makara. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya kora takarkari ya yi ta tafiya da igiyar har sai ya koma ɗan ƙarami a idonka, ɗaya ya tsaya bakin rijiya yana jiran wasaki, wato babban gugan fata, ya hauro. In ya hauro sai ka yi kururuwa, "Ya iso!", mai kora ya tsaya, kai kuma ka rungumo wasakin nan da ƙirji ka juye a komi, shanu su yi ca a kai. Ni ne na bakin rijiya. Daga hantsi har rana ta karkata ina nan, zanena jiƙe, tafin hannuna duk ya tsattsage, in na kama tuwo mai zafi sai na ji har kwanyata. Yaran yanzu kuwa su jera bido, wato jarkoki, gaban famfo mai aiki da hasken rana, su murɗa, su zauna suna hira, in ruwan ya yi jinkiri kaɗan su hau tsaki. Ba na ganin laifinsu. Ni ma lokacin da za a ce mani akwai ranar da za a murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, da na ba da duk abin da na mallaka, ko da yake ban mallaki komai ba.

Babana maginin rijiya ne, haka ma kakana. Rijiyar tamu ce, amma ba a hana kowa sha. Baƙon makiyayi in ya iso da dabbobinsa sai ya tsugunna ya gai da Baba, Baba ya tambaye shi daga ina, zuwa ina, lafiyar dabbobin, ko akwai mai tari a cikinsu, sannan ya ce, "Kwana uku." Ranar na huɗu baƙo ya yi godiya ya ƙara gaba. Ba takarda, ba gardi mai tsaro, amma ban taɓa ganin wanda ya kwana na huɗu ba. Ni kuma ni ne ɗansa na fari, kuma wanda ya tashi a zamaninmu ya san abin da wannan ke nufi. Kunyata yake ji. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ya zama inda na zauna, ba ya dubana ido da ido. In yana son in yi wani abu sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin nan igiya ta fara cinyewa," ina tsaye nan kusa da shi. In maganar mai nauyi ce sai ya aiko Gwaggo, yayarsa, ta faɗa mani. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka yi mashi shi ma. Yau ina ganin ɗan fari ya haye wuyan ubansa yana ja mashi gemu a tsakiyar kasuwa, in yi dariya, wani lokacin kuma in kau da kai.

Wanda ke magana da ni shi ne Baffa. Bafulatani ne, aminin Baba tun suna samari, kuma a hannunsa shanunmu bakwai suke, cikin garkensa. Dogo ne siriri, da sanda kullum a kafaɗa, ga tsokana kamar me. Sarkin Wasaki yake ce mani. "Sarkin Wasaki, yau ma ruwan naka rabi a komi rabi a jikinka? Ko wanka ka zo yi?" In na ɓata rai ya miƙo mani ƙwaryar nono ya ce in sha in huce. Garkensa ba ƙarami ba ne, jajaye masu dogayen ƙaho, kuma kowace saniya ya san uwarta da kakarta. In ya tsaya ya yi wani kira a maƙogwaro sai ka ga sun ɗago kai gaba ɗaya sun nufo shi.

Rayuwar garken nan, da na sauran makiyayan da ke sha a rijiyarmu, ta rataya ne a kan wani kwari da muke ce wa Kwarin Ajiya. Yana da nisa, in ka bar rijiya da sassafe sai azahar ka isa. Ciyawa ce a ciki har ƙugu, ga aduwa ga bagaruwa, amma babu ɗigon ruwa. Ba mai shiga da dabba duk kaka da duk sanyi. Sai bazara ta yi tsanani, ciyawar kusa ta ƙare ƙurmus, sannan Baba da arɗon Fulani da wani tsoho na Buzaye su zauna gindin gawo su ce an buɗe. Daga nan shanu su sha yau, su tafi kwari su kwana, su wuni, sai gobe da yamma su dawo da ƙishirwa kamar za su cinye komin. Wannan lokacin shi ne azabata. Duk su iso tare, suna kuka suna ture juna, ni kuma ina rungumar wasaki har in daina jin hannuwana. Sau biyu na ga an zo wa Baba da roƙon ya haƙa rijiya a kwarin, wani Buzu ma har raƙumi ya ɗaure mashi a ƙofar gida. Baba ya ce, "Ba a haƙa nan," ya sa aka mayar da raƙumin. Ba wanda ya gaya mani dalili. Na tambayi Baffa, ya yi dariya ya ce in bari in yi gemu tukuna. Sai na ɗauka ko aljanu ake tsoro, ko kuwa taurin kan tsofaffi ne kawai, kuma na fi yarda da na biyun.

Ana nan aka ce an samu ƴancin kai. Mu dai a ƙauye ba mu ga ya sauko daga sama ba, labari muka ji. Wani Alhaji mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Nijeriya yana da rediyo a shagonsa nan Dakoro, ranar kasuwa samari mu cika ƙofar muna saurare, rabin maganar ba mu gane ba amma muna gyaɗa kai. An canza tuta a gaban biro, wato ofishin hukuma, Bature ya tashi daga kujerar kwamanda baƙar fata ya zauna. Tsofaffi suka ce to, Allah shi sa alheri, suka koma ga abin da suke yi. Mu kuwa samari kanmu ya ɗau zafi. Muna ganin daga yau duk abin da ya dame mu an gama da shi, har ƙaya ma za ta daina suka.

Sai ga ɗan majalisarmu ya zo ƙauye da mota. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma ina son a ji ni da kyau: mutumin kirki ne. Ɗan ƙasar nan ne, ya yi aikin mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko, kafin siyasa ta kai shi Yamai babban birni, kuma an ce uwarsa jan ruwa ne ya lanƙwasa mata baya. Tare da shi akwai wani Bature mai aikin haƙar ruwa da inji. Aka shimfiɗa tabarmi gindin gawon nan na bakin rijiya, tsofaffi suka zauna, ni ina tsaye da wasaki don shanu ba su san an yi baƙo ba. Kafin ya zauna sai ya tako har inda nake, da farar rigarsa, cikin taɓo. Ya ce, "Samari, mu ga hannunka." Ya kama hannuna ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya nuna wa Baturen, ya ce wani abu da Faransanci. Sannan ya ce mani, "Wannan wahala ta ƙare, in Allah ya yarda. Don ita muka karɓi ƙasa." Wallahi har yau ina jin ɗumin hannunsa. Ubana bai taɓa riƙe hannuna ba, ga wani babban mutum ya zo daga Yamai ya riƙe.

Da ya zauna sai ya yi bayani. Ya ce gwamnati za ta kafa famfo mai inji a dajin makiyaya, ruwa kyauta, na kowa da kowa. Ya ce Baturen ya tabbatar ruwa na nan ƙarƙashin ƙasar ko'ina in an nutsa da nisa, abin da suke so kawai a nuna masu inda dabbobi suka fi shan wuyar ƙishirwa.

"Iyayena, ku kuka san dajin nan. Ina ne akwai ciyawa babu ruwa?"

Arɗo ya dubi ƙasa. Tsohon Buzu ya gyara rawaninsa. Can Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, mun gode. Ruwa dai alhamdu lillahi, muna lallaɓawa. Sai abin da kuka gani."

A wurinmu in dattijo ya ce wa babba sai abin da kuka gani, to a'a ya ce. Ba a kallon baƙo mai daraja a ce mashi ba a son kyautarsa. Kowa a tabarmar nan ya ji a'ar, ban da mai tambayar. Ko zaman lakwal da Yamai ne ya toshe mashi kunne, ko zumuɗin alherin da ya ɗauko ne, oho. Ya ɗauka nauyin baki ne irin na talakan da ya saba da mulkin Bature. Ya ce, "Kada ku ji tsoro, zamanin tsoro ya wuce. Ku faɗi."

Ni kuma ina tsaye, hannuna na zafi, zuciyata na tafasa. Na ce a raina, ji tsofaffin nan, an kawo mana sauƙi har gida za su kore shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka shi daɗe, akwai Kwarin Ajiya."

Baba ya yi gyaran murya. Na ji shi sarai. Ya sake yi, da ƙarfi. Da ƙanena ne, da ya daka mashi tsawa da sunansa magana ta mutu nan take. Amma ni ne, kuma a gaban jama'a, ba zai iya kiran sunana ba, ba zai iya ko juyowa ya harare ni ba. Baffa ne ya yi ƙoƙarin tarewa, ya ce, "Yaro ne, ranka shi daɗe, rana ta buge shi."

Ɗan majalisa ya yi murmushi ya ce, "Yaran nan ai su ne ƙasar, Baffa. Ci gaba, samari."

Na ci gaba. Na faɗi ciyawar, na faɗi nisan, na faɗi yadda shanu ke dawowa kamar za su mutu. Ɗan majalisa ya juya ga Baba ya ce, "Malam, abin da ya faɗa haka ne? Ciyawa har ƙugu, babu ruwa?"

Baba ba ya ƙarya. Ya daɗe yana zane a ƙasa da ɗan tsinke, sannan ya ce, "Haka ne."

Ranar na fara shiga mota. Aka sa ni gaba ina nuna hanya, tafiyar da ke cin rabin wuni muka yi ta kafin gumin jikina ya bushe. Baturen ya kafa wani ƙarfe a tsakiyar kwarin ya shafa mashi jan fenti. Na dawo gida ina jin kaina kamar wani kwamanda.

Da la'asar Gwaggo ta kira ni bayan rumbu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ubanka ya ce a gaya maka, ciyawar kwarin nan ƙishirwa ke gadinta. Nisan ruwa ne ya sa ba mai iya zama a kanta ya cinye. Kakanka da kakan arɗo suka yi alkawari ba za a haƙa ba, don a samu abin da za a ci in bazara ta yi tsawo. Ya ce da ma yana jira ka yi aure a gaya maka." Na ce, "Gwaggo, to me ya hana a gaya mani tun da?" Ta ce, "Kai kuma me ya hana ka yin shiru inda manya suka yi shiru?" Kada in yi ƙarya, ban yarda na yi kuskure ba. Na ce a raina tsoron sabon abu ne.

Tsofaffin sun yi yunƙurin gyarawa. Su uku suka hau raƙuma suka zo Dakoro, suka yi wuni biyu a gaban biro kafin a shigar da su wurin kwamanda. Baffa ya raka su, shi ya ba ni labari daga baya yana dariyar takaici. Ya ce sun fara da godiya yadda aka saba, godiya ga gwamnati, godiya ga ɗan majalisa, godiya ga kwamanda da iyayensa, suna tafe a hankali za su gangaro kan maganar. Kafin su iso, kwamanda ya dubi agogo ya miƙe, ya ce ya ji daɗi ƙwarai da talakawa suka san alheri, zai aika da godiyarsu Yamai. Gardi ya buɗe masu ƙofa. Haka suka hau raƙumansu suka koma.

Bayan damina manyan motoci suka zo da ƙarafa. Wata biyu inji na nutsawa, ranar da ruwa ya fashe kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba, ruwa na tashi sama da kansa, da ɗumi, mata na guɗa, yara na wanka a ciki. Aka gina dogayen komaye na siminti. Ɗan majalisa bai manta da ni ba, ya sa aka ɗauke ni gardin famfo, aka ba ni kaki da hula, aka koya mani zuba gazuwal, wato man dizal, da tada inji. Hannuwana suka warke, har suka yi laushi. Shekarar farko, in faɗi gaskiya, daɗi aka sha. Shanu na ci a nan suna sha a nan, suka yi ƙiba har suna sheƙi, nono ya yi yawa har ana ba kare. Baffa da kansa ya zo ya zagaya komayen, ya ce, "Sarkin Wasaki ya zama Sarkin Ƙarfe. To, Allah shi sa mu ne muka yi kuskure." Na ji daɗin maganar nan, na riƙa maimaita ta ga duk wanda ya zo.

Labarin ruwa kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Shekara ta biyu garkuna suka fara isowa daga inda ban taɓa jin suna ba, daga gabas, daga yamma, daga kudu har Nijeriya, ga na ƴan kasuwa da suka sayi shanu suka ɗauki masu kiwo. Tun kaka suka sauka, ba wanda ya jira a ce an buɗe, don ba wanda ya san ana buɗewa. Wata rana na ga wani ya yi kwana goma da raƙuma da tumaki ba iyaka, na je da hulata na ce mashi, "Malam, a nan kwana uku ake yi." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Rijiyar ubanka ce?" Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Ba ta ubana ba ce, ta gwamnati ce, kuma gwamnati ta ce ta kowa ce. Na koma ɗakin inji na zauna.

Kafin sanyi ya fita ciyawar kwarin ta ƙare. Kofato ya niƙe ƙasar ta koma gari, filin da ba komai ya riƙa faɗi kowace shekara, aka sassare aduwa da bagaruwa ana ba awaki. Ita kuwa rijiyarmu sai matan ƙauye kawai, kukan icen nan ya koma na ɗan lokaci da safe. Ba baƙon da ke tsugunnawa gaban Baba. Yakan fita ya zauna gindin gawo shi kaɗai da igiya a hannu yana gyara abin da bai lalace ba. Arɗo ya rasu ba a ma damu da naɗa wani da wuri ba, don ba abin da zai raba. Abin da na lura da shi a tsawon raina ke nan: manya na can nesa su yanke abu da kyakkyawar niyya, su sa hannu a takarda su tafi cin abinci, mu kuma a nan a wayi gari wanda ake gaidawa jiya ba a san da zamansa ba. Na ga an yi haka da famfo, na ga an yi da gonaki da aka tura cikin dajin kiwo, na ga an yi da abubuwa da yawa bayan nan, sojoji sun zo sun tafi, masu jawabi sun zo sun tafi. Kowane ya zo da abin da zai share mana hawaye, kuma wasu sun share ɗin. Na gaji da ƙirga su.

Sai shekarar da damina ta gaza. Ba ita ce mafi muni da aka taɓa yi ba, tsofaffi sun ce sun ga irinta sau da yawa, kuma Kwarin Ajiya ne ke fitar da su. Wannan karon da bazara ta zo babu inda za a buɗe. Ni ina tada inji kowace safiya, yana bugawa dum, dum, dum, ruwa na malala a komaye har yana zuba ƙasa, shanu na sha cikinsu ya cika tim, su juya su rasa abin da za su sa a baki. Suna cin kashin juna, suna cin tsumma. Saniya ta sha ruwa ta kwanta nan gefen komi, a kama wutsiya a ɗaga ta, gobe a ɗaga ta, jibi a bar ta. Ungulu suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Warin kuwa, kayya, har cikin tuwo kake jin shi. Ɗan majalisa ya zo ya gani. Ya tsaya da hankici a hanci, ya rame shi ma, ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mani?" Na ce, "An faɗa maka, ranka shi daɗe." Ya ce, "Yaushe?" Na ga ba zan iya yi mashi bayani ba. Ya shiga mota, ban sake ganinsa ba.

Baffa ya kwashe abin da ya rage mashi ya yi kudu, wajen Kornaka, ko zai samu karan gona. Ya makara, shanun ba su da ƙafar tafiya. Ana gab da saukar ruwan sabuwar damina, ina gida na zo ganin Gwaggo da ba ta da lafiya, sai ga sallamarsa da hantsi. Da ƙyar na gane shi. Shi kaɗai ne, ba ko ɗan maraƙi a bayansa. Baba ya fito suka zauna a zaure, ni na rakuɓe daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Baffa ya sa hannu a jakarsa ya fiddo wata ƴar igiya ya ajiye gaban Baba. Kunnuwan shanu ne, busassu, guda bakwai, kowane da tsagar gidanmu. Haka ake yi, in dabbar amana ta mutu a hannun makiyayi sai ya yanko kunnen mai alama ya kawo wa mai ita shaida.

Baba ya ce, "Haba, wa ya tambaye ka wannan?"

Baffa ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Amana ce, a ga ƙarshenta."

"Naka fa?"

"Nawa ban yanke ba. Wa zan kai wa?"

Baba ya ɗauki igiyar, ya miƙe ya shige cikin gida, na ji yana fyace hanci. Aka bar ni da Baffa. Na matso na durƙusa, na ce, "Baffa, ni na jawo maka. Ka yafe mani."

Ya dube ni, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Kai ka faɗi abin da idonka ya gani. Mu da muka sani muka tsaya kunya. Tashi, ba wannan ya kawo ni wurinka ba." Ya waiga ko akwai mai jin mu, sannan ya rage murya. "An ce in ruwa ya sauka masu gonaki na kudu suna ɗaukar ƴan ƙodago. Ina da bakuna shida a gida. Ka ara mani hauya."

Na shiga na ɗauko mashi tawa. Ya karɓa, ya juya ta, ya riƙe ta can tsakiya yadda ake riƙe sandar kiwo. Mutumin ya haura sittin, bai taɓa sunkuyawa a kunyar gona ba, shi da ke tsokanar mu manoma wai mun ba rana ƙeya. Ya ce, "Kada in je su yi mani dariya su kore ni. Nuna mani yadda ake yi."

Muka zagaya bayan gida inda ba kowa. Na gyara mashi hannu a kan ƙotar, na ce ya ware ƙafafu, ya sunkuya. Ya kai sara a busasshiyar ƙasa, hauyar ta goce ta kusa cin ɗan yatsansa. Na ce ya sake. Ya sake, ya ɗago yana haki ya ce, "Haka?"

Na ce, "Haka, Baffa. Ka ƙara sunkuyawa kaɗan."